Bayan fage: Yadda aka ƙera fim ɗin Chicken Run da yumɓu

Fim ɗin Chicken Run, wanda ya fito a watan Yunin shekara ta 2000, shi ne har yanzu ya fi kowane fim ɗin 'yan tsana da ake motsawa da hannu kawo kuɗi, inda ya samar da fiye da dala miliyan 220 a faɗin duniya.

Tsawon fim ɗin minti 84 ne kacal. To amma ɗaukarsa kaɗai ta ci kimanin shekara ɗaya da rabi, kuma daga lokacin da aka fara tunaninsa zuwa ranar da aka nuna shi an shafe kusan shekaru biyar.

Kamfanin Aardman da ke birnin Bristol, a kudu maso yammacin Ingila, shi ne ya shirya fim ɗin, a ƙarƙashin jagorancin daraktoci biyu, Peter Lord da Nick Park.

Kusan duk abin da mai kallo ke gani a fim ɗin, tun daga siffar kajin har zuwa ɗan gyalen da ke wuyansu, yana da dalili da ya samo asali daga halin yumɓu da kuma ƙarancin lokaci. Ga bayanin yadda aikin ya gudana.

Yaya dabarar take?

Abin da ido ke gani a matsayin motsi a sinima, jerin hotuna ne marasa motsi da ake haskawa da sauri, hoto 24 a cikin kowane sakan guda.

A fim ɗin da mutane ke fitowa, kyamara ce ke ɗaukar waɗannan hotuna da kanta yayin da ɗan wasa ke motsi. A fim ɗin 'yan tsana kuwa babu abin da ke motsi da kansa, don haka sai an ƙirƙiri kowane hoto da hannu.

Mai aikin zai tsayar da 'yar tsana, ya ɗauki hoto, ya gusa hannunta ko kanta ɗan kaɗan, ya janye jikinsa daga gaban kyamara, ya sake ɗaukar wani hoton. Haka zai yi ta yi har yini ya ƙare.

Fim mai tsawon minti 84 yana ɗauke da hotuna fiye da dubu 120. Domin rage wahala, ma'aikatan Aardman sun saba ɗaukar hoto biyu a kan kowace tsayuwa, wato su motsa 'yar tsana sau 12 a sakan guda, sai dai idan motsin mai sauri ne da ke buƙatar a bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka, abin da ƙwararren ma'aikaci kan kammala a yini bai cika wuce sakan biyu zuwa uku ba. Da a ce mutum ɗaya ne zai yi fim ɗin baki ɗaya a kan sakan uku a yini, da sai ya yi kwanaki 1,680 yana aiki, wato fiye da shekaru shida idan aka cire ranakun hutun mako.

Dabarar dai tsohuwa ce. A shekarar 1912, a ƙasar Rasha, Ladislas Starevich ya yi fim da matattun ƙwari waɗanda ya sanya wa ƙafafun waya. Da ita aka motsa ƙaton goggon birin nan na fim ɗin King Kong a 1933, kuma da ita Ray Harryhausen ya shafe fiye da watanni huɗu yana haɗa faɗan ƙwarangwal bakwai a fim ɗin Jason and the Argonauts na 1963, faɗan da bai wuce 'yan mintoci ba a allo.

Shi kuma yumɓun da ake amfani da shi ba irin na maginan tukwane ba ne. Wani haɗi ne mai maiƙo da ba ya bushewa, wanda wani malamin zane mai suna William Harbutt ya ƙirƙiro a 1897 a birnin Bath, maƙwabcin Bristol, ya sa masa suna Plasticine.

Asalin kamfanin Aardman

Peter Lord da abokinsa David Sproxton sun fara gwada ƙananan fina-finai tun suna 'yan makaranta. Sun kafa Aardman a 1972, suka koma Bristol a 1976, kuma a shekarar da ta biyo baya suka fito da Morph, wani ɗan mutum-mutumin yumɓu da ya yi farin jini a shirye-shiryen yara na talabijin ɗin BBC.

Nick Park, wanda aka haifa a garin Preston a 1958, ya shiga kamfanin ne a 1985. A lokacin yana fama da wani gajeren fim da ya faro tun yana ɗalibi, A Grand Day Out, wanda bai kammala ba sai a 1989. A cikinsa ne duniya ta fara ganin Wallace, mai son ƙirƙire-ƙirƙire, da karensa Gromit.

Da farko Park ya yi niyyar karen ya riƙa magana. Daga baya ya lura cewa ɗan taɓa girar karen da yatsa ya isa ya nuna mamaki ko takaici ko tausayi, sai ya bar shi ba tare da baki ba.

Kafin Chicken Run, Park ya riga ya lashe kyautar Oscar har sau uku da gajerun fina-finai: Creature Comforts a 1991, The Wrong Trousers a 1994, da A Close Shave a 1996.

Kazalika ba a Chicken Run ya fara aiki da kaji ba. A bidiyon waƙar Sledgehammer ta mawaƙi Peter Gabriel, wanda aka yi a 1986, Park ne ya sa wasu figaggun kaji biyu na gaske suka taka rawa ta wannan dabara.

Kaza da cokali

Tushen labarin wani ɗan zane ne a littafin zane-zanen Park: kaza tana haƙa rami da cokali a ƙarƙashin shingen waya.

Daga nan shi da Lord suka yanke shawarar kwaikwayon The Great Escape, fim ɗin 1963 da ke ba da labarin fursunonin yaƙi na ƙawance da suka tsere daga wani sansanin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, amma a wannan karon kaji ne fursunonin.

An ɗora labarin a wata gonar kaji a yankin Yorkshire na arewacin Ingila, a shekarun 1950. Ana ƙidaya ƙwan kowace kaza, wadda ta daina yin ƙwai kuma sai a yanka ta. Da mai gonar, Mrs Tweedy, ta ga ribar ƙwai ba ta ishe ta ba, sai ta sayo wata ƙatuwar na'ura da za ta mayar da kajin duka abincin fulawa mai nama a ciki.

Wata kaza mai suna Ginger ce ke jagorantar yunƙurin tserewa. Ta ɗora fatanta a kan Rocky, wani zakara ɗan Amurka da ya faɗo gonar daga sama, tana zaton zai koya musu tashi, alhali kuwa da igwa ake harbo shi a wani gidan wasanni. A ƙarshe kajin da kansu suka ƙera jirgin sama da katakon akurkinsu.

Kamfanin Pathé na Faransa ne ya fara amincewa ya zuba kuɗi a 1996, sannan a ƙarshen 1997 kamfanin DreamWorks na Amurka, wanda Steven Spielberg da Jeffrey Katzenberg da David Geffen suka kafa, ya shigo. An ƙiyasta kuɗin da aka kashe a kan kimanin dala miliyan 45.

Lord da Park sun nace a kan cewa a Bristol za a yi aikin, ba a Hollywood ba. Marubuci ɗan Amurka Karey Kirkpatrick ne ya tsara rubutun fim ɗin.

Yadda aka gina kajin

Kaza ba halitta ce mai sauƙin motsawa da hannu ba. Jikinta yana da nauyi, ƙafafunta sirara ne, ga gashi, kuma baki mai tsini ba ya nuna fara'a ko fushi.

Saboda haka aka sauya mata siffa. Aka ba kajin faffaɗan baki mai haƙora, da idanu biyu manne da juna a gaban fuska, da ƙafafu masu kauri, da fukafukai masu aiki kamar hannuwa.

A cikin kowace kaza akwai ƙwarangwal na ƙarfe mai gaɓoɓi da ke lanƙwasuwa su kuma tsaya inda aka bar su. Ana ɗaure ƙafar 'yar tsana da ƙasan dandalin domin kada ta gusa ko ta faɗi a tsakiyar aiki.

Ko da yake ana kiran sa fim ɗin yumɓu, gangar jikin kajin da robar silikon aka yi ta. Dalili shi ne jikin da aka yi da yumɓu zalla zai yi nauyi, kuma zanen gashin da ke kansa zai goge da zarar an taɓa shi sau da yawa. Kai da hannuwa, inda ake buƙatar sauyi a kowane hoto, su ne aka bari na yumɓu.

Wannan ya haifar da wata matsala: mahaɗar kan yumɓu da jikin roba tana fitowa fili a wuya. Maganin da aka samo shi ne a rufe wurin. Shi ya sa kusan kowace kaza a fim ɗin take sanye da gyale ko sarƙa ko tsakiya a wuyanta. Abin da mai kallo ke ɗauka ado ne, asalinsa rufin asiri ne.

Haka kuma an yi kajin a girma iri biyu. Akwai manya da ake amfani da su idan kaji ne kaɗai a fage, domin a samu damar sarrafa fuskokinsu da kyau. Akwai kuma ƙanana da ake haɗawa da Mrs Tweedy da mijinta, don da an yi mutanen daidai da girman manyan kajin, da sun yi tsawon da ba za a iya sarrafa su ba.

Idanun kuwa ƙananan duwatsun ado ne masu ɗan rami a tsakiya. Mai aiki kan zura tsinin allura a ramin ya juya idon zuwa inda ake so kazar ta kalla.

Murya kafin motsi

A irin wannan fim, murya ake fara ɗauka kafin a taɓa 'yar tsana. Mel Gibson ne ya yi muryar Rocky, Julia Sawalha ta yi ta Ginger, Miranda Richardson kuma ta yi ta Mrs Tweedy.

Bayan an ɗauki muryoyin, sai a rarraba kowace kalma zuwa sautukanta, a rubuta a wata takarda da ke nuna hoto na nawa ne kowane sauti zai faɗa a kai.

Kowace babbar kaza tana da jerin bakuna da aka riga aka ƙera, kowane da siffar wani sauti. Mai aiki zai cire baki ɗaya, ya manna wani, ya shafe mahaɗar da yatsa ko ɗan ƙarfe har ta ɓace, sannan ya ɗauki hoto. Jimla ɗaya gajeriya tana iya cin yini guda ko fiye.

Wannan taɓawa ta yau da kullum ita ce ke barin sawun yatsa a fuskar 'yan tsanan. Aardman bai damu da share shi gaba ɗaya ba, domin a wurin kamfanin wannan sawu yana cikin abin da ke bambanta aikinsa da na kwamfuta.

Kiɗan fim ɗin kuwa John Powell da Harry Gregson-Williams ne suka tsara shi. Sun kwaikwayi taken sojoji na tsofaffin fina-finan yaƙi, suka cakuɗa shi da sautin wata 'yar ƙaramar busa ta wasan yara domin ya dace da kaji.

Aiki a dandali 30

Tun da mutum ɗaya ba zai iya ba, sai aka raba aikin. A wani babban gini da ke unguwar masana'antu ta Aztec West, a gefen Bristol, an kafa dandali kimanin 30 da ke aiki a lokaci guda, kowane a killace da baƙin labule, da kyamararsa da fitilunsa. Ma'aikatan fim ɗin sun kai kimanin 180.

Wannan na nufin sai an ƙera kwafi da dama na kowace babbar kaza, domin Ginger tana iya kasancewa a dandali da yawa a yini ɗaya, a hannun mutane daban-daban.

Babban aikin daraktocin shi ne su tabbatar cewa ɗabi'arta ba ta sauya ba daga wannan hannu zuwa wancan. Lord da Park sun raba sassan fim ɗin tsakaninsu, suna zagayawa daga dandali zuwa dandali, suna kwatanta wa ma'aikata da jikinsu yadda suke so kaza ta juya ko ta ɗaga kafaɗa.

Kuskure a wannan aiki yana da tsada. Mai zanen katun yana iya goge zane ɗaya ya sake, amma mai motsa 'yar tsana yana tafiya ne gaba kawai. Idan ƙafarsa ta bugi kyamara, ko gwiwar hannunsa ta ture wani abu a dandali, aikin kwanaki yana iya lalacewa.

Zafin fitilu yana sa yumɓu ya yi laushi. Katakon dandali yana iya ɗan motsawa cikin dare saboda sauyin zafi da sanyi. Idan ƙwan fitila ya mutu a tsakiyar ɗauka, sai an daidaita hasken sabon da na tsohon, in ba haka ba bambancin zai fito a allo.

An ɗauki fim ɗin ne da kyamarorin fim na milimita 35, don haka sai an wanke fim kafin a ga ainihin sakamakon. An dai haɗa kyamarorin da na'urar bidiyo da ke nuna wa mai aiki hotunan da ya ɗauka a baya, domin ya auna motsi na gaba.

An yi amfani da kwamfuta, amma a matsayin mataimakiya: misali wajen goge sandunan da ke riƙe kaza a sama idan ana so a nuna ta tana tsalle ko faɗowa.

Ishara ga tsofaffin fina-finai

Masu shirya fim ɗin sun cusa alamu da dama domin masu kallon da suka san fina-finan da ake kwaikwayo.

Akurkin da kajin ke taron sirri yana ɗauke da lamba 17, ishara ga fim ɗin fursunonin yaƙi na 1953 mai suna Stalag 17.

Duk lokacin da aka kama Ginger, ana kulle ta ne a ma'ajiyar gawayi, inda take jifan bango da wani ɗan abu yana dawo mata, kamar yadda Steve McQueen ke yi da ƙwallo a ɗakin horo a The Great Escape.

A cikin na'urar Mrs Tweedy kuma, inda ake fizgo hula daga ƙarƙashin ƙofar da ke rufewa, an kwaikwayi fina-finan Indiana Jones ne na Spielberg.

Kasuwa da kyaututtuka

Fim ɗin ya samu karɓuwa a wurin masu sharhi da masu kallo, kuma an tsayar da shi takarar kyautar Golden Globe a Amurka da ta BAFTA a Birtaniya.

Sai dai bai samu shiga takarar Oscar ba. A lokacin babu rukuni na musamman na dogayen fina-finan katun da na 'yan tsana. An fara ba da wannan kyauta ne a 2002, inda fim ɗin Shrek ya lashe, kuma masu sharhi da dama na ganin cewa nasarar fina-finai irin su Chicken Run na cikin abubuwan da suka sa aka ga dacewar buɗe rukunin.

Aardman ya lashe kyautar a 2006 da fim ɗin Wallace & Gromit: The Curse of the Were-Rabbit, wanda aka yi amfani da yumɓu kimanin tan 2.8 wajen shirya shi.

Gobarar 2005

Da sanyin safiyar ranar Litinin, 10 ga watan Oktoban 2005, gobara ta tashi a rumbun ajiyar kamfanin da ke Bristol. Ta cinye dandamali da kayan aiki da zane-zane na kusan shekaru 30, ciki har da yawancin kayan Chicken Run. Bincike ya ɗora alhakin a kan matsalar wutar lantarki.

Babu wanda ya rasa ransa, kuma fina-finan kansu sun tsira domin a wani wuri dabam aka adana su.

Gobarar ta zo ne a daidai lokacin da kamfanin ke samun labarin cewa The Curse of the Were-Rabbit ya hau matsayi na ɗaya a gidajen sinima na Amurka. Ta kuma zo ne kwana biyu bayan girgizar ƙasar da ta hallaka dubban mutane a yankin Kashmir.

Nick Park ya shaida wa manema labarai cewa ko da yake kayan suna da daraja a wurin kamfanin, asarar ba wani babban abu ba ce idan aka kwatanta ta da bala'o'in da wasu ke ciki.

Yumɓu ko kwamfuta?

A 1999, tun kafin Chicken Run ya fito, Aardman da DreamWorks sun ƙulla yarjejeniyar yin wasu ƙarin fina-finai tare. Amma tafiyar ba ta yi nisa ba.

Fim ɗinsu na uku, Flushed Away na 2006, da kwamfuta aka yi shi baki ɗaya, musamman saboda labarin yana gudana ne a magudanan ruwa na birnin Landan, ruwa kuwa yana da wuyar sarrafawa hoto bayan hoto, kuma yana ɓata yumɓu. Fim ɗin ya ci kuɗi da yawa, bai kawo abin da aka zata ba, kuma a watan Janairun 2007 kamfanonin biyu suka sanar da rabuwarsu.

Aardman bai bar yumɓu ba. A watan Nuwamban 2018, Lord da Sproxton suka miƙa kashi 75 cikin ɗari na hannun jarin kamfanin ga wani asusun amana na ma'aikatansa, domin kada wani babban kamfani ya saye shi bayan sun yi ritaya.

Kashi na biyu

Shekaru 23 bayan na farko, a watan Disamban 2023, kashi na biyu mai suna Chicken Run: Dawn of the Nugget ya fito a Netflix, a ƙarƙashin darakta Sam Fell.

Saboda gobarar 2005, masu ƙira sun dogara ne a kan hotuna da littafin da aka wallafa game da shirya fim na farko, da kuma shi fim ɗin kansa, wajen sake gina kajin daga tushe.

An kuma sauya manyan muryoyin. Thandiwe Newton ta karɓi Ginger, Zachary Levi ya karɓi Rocky. A 2020 Julia Sawalha ta fito fili ta nuna ɓacin ranta, tana mai cewa an shaida mata muryarta ta tsufa.

A shekarar 2023 ɗin ne kuma masana'antar Newclay da ke garin Newton Abbot a yankin Devon, wadda ke yin nau'in yumɓun Newplast da Aardman ya dogara da shi, ta rufe. Aardman ya saye abin da ya rage a rumbunta, kuma jaridun Birtaniya suka ruwaito cewa bai wuce na fim ɗaya ba.

Kamfanin ya fitar da sanarwa yana kwantar da hankalin masu kallo, inda ya ce yana da isasshen yumɓu a ajiye, kuma ya riga ya tsara yadda zai samu sabo.

A ranar Kirsimeti ta 2024, BBC ta nuna sabon fim ɗin Wallace & Gromit mai suna Vengeance Most Fowl, wanda Nick Park da Merlin Crossingham suka jagoranta. Kyamarorin dijital sun maye gurbin na fim, amma tsarin aikin yana nan yadda yake a zamanin Chicken Run: mutum ɗaya a bayan labule, yana gusa 'yar tsana kaɗan-kaɗan, yana kammala 'yan sakanni a yini.